Shunin Rigar Malam a Jikin Madubin Najiba

Ni Ummul Khairi ban taɓa jin tsoron Tanimun ba, kuma ba da tsufana zan fara ba. Taubashina ne, ɗan kawuna, tun muna yara nike cin shi da baki. Amma daminar da ruwa ya ɗauke muna a Dogarawa, saura ƙiris ya yi mini ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Najiba ɗiyar ƙanwata ce. Uwarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe, ni da Malam maigidana, Allah shi jiƙan shi, munka riƙe ta. Shi ya kai ta lakwal, makarantar boko, da hannunshi, mutane na yi mishi dariya. Yarinya ta yi ta karatu har Yamai, ta dawo tana koyar da ilimin kimiyya a lise ɗin Malbaza, babbar makarantar sakandare. Malam bai ga dawowarta ba.

Da hutun damina ya zo, sai ga ta a saman mota da wani ƙaton akwati. Abin da ke ciki fari ne fat, mai kaurin turmi, da ƙafafun ƙarfe da wayoyi. Ta ce madubin kallon taurari ne, jami'a ta ba ta aro. Ta sa anka zuba daɓen siminti a bayan rumbu, ta girka shi, tana rufe shi da tamfol da rana. Da magariba sai ta buɗe, ta haɗa shi da ordinater ɗinta, wato kwamfuta, ta zauna tana kallon wani layi.

Na ce, "Ke Najiba, ga taurari can sama birjik, ke kuma kin duƙa kan layi. Mi kike nema?"

Ta ce, "Duniya nike nema, Inna."

"Wagga da muke ciki ta yi miki kaɗan?"

Ta yi dariya, ta ɗauko ƙaramin kofin shayi na gilashi. Ta kunna fitilar wayarta, ta ajiye can bakin katanga, ta ce in rufe ido ɗaya. Ta riƙa gittawa da gindin kofin a hankali tsakanin idona da fitilar. Hasken ya kumbura, ya kumbura, sannan ya koma yadda yake.

Ta ce, "To, haka taurari biyu suke. Ɗaya can nesa ƙwarai, ɗaya tsakaninmu da shi. Duk abu mai nauyi yana lanƙwasa hasken da ya ratsa kusa da shi. In na kusa ya gitta daidai gaban na nesa, nauyinshi sai ya tattaro hasken ya turo muna, kamar gindin kofin ga. Layin nan da kike gani, shi ke nuna ƙaruwar hasken. Yana hawa sumul, ya sauka sumul."

Sannan ta ɗiga ɗigon ruwa a gefen gindin kofin, ta sake gittawa. Wannan karon, kafin hasken ya gama kumbura, sai ya yi wani ɗan walƙiya ya wuce.

"Kin ga wannan? In tauraron na kusa yana da duniya da ke kewaya shi, ita ma da ɗan nauyinta. Sai layin ya yi ɗan tsalle na ɗan lokaci."

"Sai ki ga duniyar?"

"Ba a ganin ta, Inna. Ta yi nisa, kuma ba ta da haske. Abin da ta yi wa hasken wani ake gani. Kuma sau ɗaya ne tak. In taurarin nan biyu sunka rabu, ba su sake haɗuwa har a tashi duniya."

Ban ce na gane duka ba, amma na gane kofi, na kuma gane sau ɗaya.

Ruwa kuwa ya ɗauke a daidai lokacin da hatsi ya yi ciki. Kwana da kwanaki ba ko ɗigo. Ganye ya nannaɗe, wake ya kwanta, Filani na wucewa da shanu sun nufi kudu tun lokaci bai yi ba. Nima ina da gona, kuma ita nike ci, kada wani ya ɗauka abin bai taɓa ni ba.

Ita kuma Najiba, da ilminta da komi, ta yi wautar da ɗan yaye ba ya yi. Wata magariba mata na zaune tsakar gidana ana kukan fari, ta ɗaga kai ta dubi sama ta ce, "Alhamdu lillahi, yau ma gari garau!" Wayyo ni. Na ji kamar in nutse. Mata sunka dubi juna, sunka ɗauki takalmansu ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ke wace irin mahaukaciya ce? Mutane na kallon abincinsu na mutuwa, kina godiya ga sama?"

Ta ba da haƙuri, amma magana ta riga ta fita. Washegari maganar ta isa tasha, inda Tanimun ke zama yana saida taki da surutu. Shi ya haɗa zancen. Ya ce ku duba, tun da anka kafa igwar nan a gidan Ummul Khairi bakinta na kallon sama, hadari in ya taso sai ya watse. Ya ce ita ma mai igwar da bakinta ta yi murna. Kafin la'asar duk gari ba mai cewa madubi, sai igwa.

Ranar Laraba na tafi kasuwar Ƙonni. Ina dawowa na tarar da daɓen siminti wayam. Maigari Munkaila ya aiko, Tanimun ya kawo amalanken jakinshi, sunka kwashe madubi da tamfol ɗinshi, sunka kulle a ɗakin zauren maigari, sai ranar da ruwa ya sauka. Najiba na zaune a ƙasa, waya a hannu, ido ya yi ja.

Ta ce, "Inna, saƙo ya zo daga masana taurari. Manyan madubai na wata ƙasa sun hango wani tauraro na ƙara haske, kuma gobe bayan magariba zai kai ƙarshen hawanshi. In da duniya, a lokacin za ta nuna. Na gabas gari zai waye musu, na yamma rana ba ta faɗi ba tukuna, na Afirka ta Kudu gajimare ya rufe su. Mu ke tsakiya. Sun ce ido na kaina."

"In ya wuce fa?"

"Ya wuce ke nan."

Ta je wurin maigari da kanta, ta durƙusa, ta yi bayani har da kofin shayi. Ya saurare ta, don mutum ne mai haƙuri. Ya ce shi bai ce igwa ta kori ruwa ba, bai kuma ce ba ta kora ba, amma gari ya ɗauki zafi, kuma gobe ranar roƙon ruwa ce, ta bari abin ya lafa. Ta dawo ba ta taɓa tuwo ba. Ni kuwa na ci nawa na sha ruwa, don na riga na san abin da zan yi.

A garinmu roƙon ruwa kashi biyu ne. Da hantsi maza su fita fili su yi salla, su juya rigunansu. Da la'asar mu tsofaffin mata mu sa tufafin maza, riga da wando da hula, mu bi gida gida. Abin da duk munka roƙa a ranar ba a hana mu, ko hatsi ne, ko kaza, ko zanen da ke jikin mace. Kakanninmu sun ce wanda ya fito roƙon Allah ba ya hana mai roƙon shi. Kuma ni ke gaba, tun da tsohuwar da ke jan mu ta rasu.

Sauran shekaru rigar maƙwabci nike ara. Ranar nan na buɗe akwati na ɗauko rigar Malam, babbar rigar shuni da yake zuwa idi da ita. Tun da ya rasu ban wanke ta ba, ban bari kowa ya taɓa ta ba. Ƙamshinshi na nan a wuyanta, turarenshi da goronshi da zufar jikinshi. In kewa ta dame ni nikan buɗe akwatin in shaƙa in rufe. Na zura ta, na kafa hularshi, na ɗauki sandarshi.

Najiba ta dube ni ta ce, "Inna, rigar Baba?"

Na ce, "Ke dai share daɓenki, ki cika batir."

Munka zaga gari, yara na bin mu da ihu, ana zuba muna hatsi a ƙwarya. Da rana ta yi sanyi na juya da ayari zuwa ƙofar maigari. Dattawa na zaune a zaure, inda mace ba ta shiga. Na cire takalmi na kutsa, na yi sallama da muryar maza, na zauna daram a kan tabarma kusa da Tanimun har na take mishi gefen riga.

Maigari ya yi murmushi ya ce, "Maraba da baƙo. Mi za a ba ku?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, abin da ke kulle cikin ɗakin can muke roƙo."

Tanimun ya zabura. "Kai, wannan ba roƙo ba ne, wayo ne! Ranka shi daɗe, hatsi ake ba su, ba igwa ba!"

Na ce, "Kai Tanimun, yaushe ka zama mai yanke wa tsofaffi abin da za su roƙa? Bara da munka roƙi ɗan akuyarka, ka ba da shi kana hawaye, duk gari ya gani. Yau abin ba naka ba ne ma, mi ya ci maka rai?"

Anka fashe da dariya. Na juya wurin maigari.

"Ranka shi daɗe, ni ban yi lakwal ba. Amma gonata na can tana ƙonewa kamar ta kowa. Kana ganin zan ajiye abin da ke kashe mini hatsi a bayan rumbuna? Ɗazu da hantsi kun ɗaga hannu kun ce Allah ne mai ba da ruwa. To, in shi ne, wane ƙarfe ne zai tare mishi hanya? In kuwa za ku hana mu, ku hana, mu koma gida mu tuɓe, a ce a zamaninka anka fara hana tsofaffi ranar roƙon ruwa."

Matan da ke waje sunka ɗauki guɗa. Rabinsu jiya jiya suke zagin igwa, amma a taɓa musu al'adar ranarsu, wannan kuma ba su yarda ba. Maigari ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa. Sai ya laluba aljihu ya fiddo makulli.

Na ce, "Saura roƙo ɗaya. Amalanken da ya kawo shi, shi zai maida shi."

Haka Tanimun ya ja jakinshi yana ƙunƙuni, ni ina gaba da sanda, rabin gari na biye. A cikin hanzari anka manta tamfol a ɗakin zaure, ba wanda ya tuna da shi.

Najiba ba ta tsaya godiya ba. Ta hau ɗaure ƙarafa, don sai ta sake daidaita abin da taurari kafin ya yi aiki. Anka kira magariba, munka yi salla nan tsakar gida. Taurari sunka fara fitowa. Ta juya bakin madubin kudu, wajen farin zanen nan na taurari da ke ratsa sama kamar hayaƙi. Layi ya fito a ordinater, ɗigo na bin ɗigo, yana hawa.

Sai wata mata ta ce, "La ilaha illallahu, ku dubi gabas!"

Hadari ne, baƙi ƙirin, walƙiya na wasa a cikinshi. Mutane sunka ɗauki kabbara. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu, wallahi. Yini guda ina yawo cikin rana ina roƙon abin ga, ga shi ya taho, ga kuma ɗiyata duƙe tana kallon gabas tana kallon layi. Na ɗaga hannu na ce, "Ya Allah, ba mu fasa ba, muna so. Amma ka taho a hankali."

Tanimun ya matso yana leƙe. "To, ina duniyar? Ni ɗigo nike gani kamar kashin ƙuda."

"Rufe muna baki," in ji ni.

Layin na hawa sumul, yadda ta nuna mini da kofi. Har anka kira lisha ba abin da ya canza. Hadari ya ci rabin sama, amma kudu na nan garau. Sai na ji Najiba ta ja numfashi. Sabon ɗigo ya fito sama da inda ya kamata. Na bayanshi ya fi shi. Na uku ya yi sama sosai, har ni da ban san komi ba na ga ya bar 'yan'uwanshi.

Ta ce a hankali, "Inna. Ɗigon ruwan nan. Ga shi."

Na ce, "To, alhamdu lillahi, kwashe kayanki, iska ta taso!"

"A'a! Sai na ga saukarshi. In ban ga ya sauka ya koma kan layi ba, za su ce madubina ne ya girgiza."

Iska ta iso da ƙarfinta, tana kwasar kara da ƙasa. Mutane sunka watse da gudu, kowa ya nufi awakinshi da shanyarshi. Yayyafi ya fara ɗiga a kan ordinater. Na waiga neman tamfol, sai a lokacin na tuna inda yake. Tabarma iska ta tafi da ita. Ba komi a hannuna sai abin da ke jikina.

Na tsaya kamar na ɗan ƙifta ido. Sannan na tuɓe rigar Malam, na rage daga ni sai zane da 'yar shimi. Na miƙa wa Tanimun hannun riga ɗaya.

"Kama nan, ka ɗaga sama, ka tsaya ta gabas. In ka saki, har jikokinka sai sun ji labari."

Ya kama, ban san ko tsorona ya ji ko kunya ba. Munka shimfiɗa rigar ta zama rumfa da katanga a kan yarinya da na'urarta, munka bar bakin madubi na kallon kudu. Iska na fizgar mu, ruwa na dukan bayanmu, ni da Tanimun muna ta rangaji kamar masu dambe. Rigar ta jiƙe ta yi nauyi, baƙin ruwan shuni na bin hannuwana har gwiwar hannu.

Tanimun ya yi ihu, "Ya sauka?"

"Yana sauka, Kawu! Ku riƙe!"

Kawu, wai. Jiya ya kwashe mata kaya, yau shi ke tambaya ko ya sauka.

Ban san tsawon lokacin da munka ɗauka ba, kafaɗuna dai sun mutu. Sai ta ce, "Ya koma! Ya koma kan layi!" Ta rufe ordinater ta cusa cikin hijabi, ta sheƙa ɗaki. Gajimare ya haɗiye kudu. Ni da Tanimun munka yafa wa madubin rigar, munka ɗaure hannuwanta a ƙafafun ƙarfen, sannan sama ta buɗe gaba ɗaya. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki guɗa da kabbara, Tanimun na tsalle cikin taɓo kamar ba shi da furfura.

Da safe na kwance rigar. Madubi lafiya lau, ko ɗigo bai shiga idonshi ba. Na kai wuyan rigar hancina. Ba turare, ba goro, ba Malam, sai ƙamshin ruwan sama da ƙasa. Na zauna a kan daɓen na yi kuka, kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ranar da anka fita da shi. Najiba ta fito ta gan ni, ta karɓi rigar ta shaƙa, ta gane. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yafe mini."

Na ce, "Yafe miki mi? Da yana nan da kanshi zai tuɓe ta, kuma ya fi ni saurin tuɓewa. Tashi ki aika musu abinsu."

Sai da ta hau tudun bayan gari kafin ta sami rezon waya ta aika. Bayan an yi girbi amsa ta zo. Sun haɗa ɗigoginta da na sauran ƙasashe, sun yi lissafinsu, sun ce duniya ce, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, tana kewaya wani ɗan tauraro ja. Tsallen nan kaf, hawanshi da saukarshi, ba wanda ya kama shi a doron ƙasa sai madubin bayan rumbuna. Sunan da sunka ba ta haruffa ne da lambobi, na gwada faɗi harshena ya ƙi. Tanimun kuwa yanzu a tasha cewa yake da hannunshi anka kamo ta, kuma ban ƙaryata shi ba, don ya riƙe.

Na taɓa ce mata ta sake nuna mini wurin. Ta juya madubin, ta nuna mini wani ɗan haske da bai fi ƙwayar gero ba, ta ce taurarin biyu sun rabu, ba mai sake ganin abin da munka gani.

Da mutanen jami'a sunka zo duba kayansu, babbansu ya shafa jikin madubin, inda shuni ya bi farin fenti ya zauna tun daga baki har gindi. Najiba ta goge da sabulu, ta goge da kananzir, ya ƙi fita. Ya tambaya mi ya ɓata shi haka, ya ce za su aiko a sake fenti.

Na ce, "Ɗana, ba ɓaci ba ne. Uban yarinyar ne ya zo ganin aikinta. Ku bar shi."